Ruwan da Aka Ce a Zubar

Jarkar ta kusa cika sa'ad da ya ji takun mutum a matakala. Ya rufe famfon, ya ɗauke ta da hannu ɗaya, ya tura ta bayan ƙofar banɗaki, ya dawo ya tsaya kamar mai duba bango.

Ba wanda ke hawowa benen nan da safe. Tun da aka kwashe masu ƙunar wuta aka rufe ɓangaren, mutum biyu ne ke da makulli, shi da Oga, shugaban leburorin asibitin. Gadaje ne jere babu katifa. Tagogi a kulle, iska ba ta motsi.

Aikinsa a nan guda ne. Kowace safiya ya bi ɗakuna, ya buɗe kowane famfo, ya bar ruwa ya zuba har ya yi sanyi a hannu, ya rufe, ya wuce na gaba. Haka Oga ya ce. Bai faɗi dalili ba, shi kuma bai tambaya ba, don bai saba tambayar wanda ya haifa a shekaru ba. Leburori suka sa masa Baba Famfo. Ya ƙi amsawa, sunan ya zauna.

Kafin aikin asibiti kurar ruwa ya tura, har kafaɗarsa ɗaya ta karkace. Ya san nauyin ruwa, ya san nisansa. A unguwarsu famfo ya daɗe da zama wurin rataya tsumma. Ranar da ya fara wannan aiki ya tsaya yana kallon ruwa garau yana bin rami. Washegari ya zo da jarka. Oga ya gargaɗe su cewa ko tsinke kada ya fita daga ɓangaren, an ma kori wata mai shara a kan labule ɗaya. Amma a ganinsa abin da aka ce a zubar ba kayan kowa ba ne. Mai gadin ƙofar baya yakan kawar da kai in ya zo wucewa da kekensa.

A gida ruwan yana shiga duro. Da shi ake sha, da shi ake wanki. Da shi kuma ake wanke gyambon da ciwon suga ya buɗe wa matarsa a diddige. Shi da kansa ya hana a taɓa ciwon da ruwan rijiya. Ruwan asibiti ya samu, ya ce, an gama da ƙazanta.

Mai takun ta shigo, mace ce da farar riga da safar hannu da takunkumi, tana riƙe da akwatin kwalabe. Ya san ta a ido, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce.

"Ina kwana, Baba. Ka riga ka buɗe su?"

"Wannan kaɗai."

"To bar min sauran. Na farko nake so, wanda ya kwana a bututu." Ta dubi hannuwansa. "Ina safarka?"

"Ba na sawa."

"Na ji labari. An ba ka, ka ce ta amare ce."

Bai yi dariya ba. Ya bi ta ɗaki na gaba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta tara kwalba, ta buɗe famfo, ta rufe da sauri. Sannan ta ɗauki wani ɗan tsinke mai auduga a kai, ta zura cikin ramin da ruwa ke bi, ta juya, ta zaro. Audugar ta fito da wani yauƙi mai launin toka.

"Ka ga gidansu," ta ce.

"Gidan su wa?"

"Ƙwayoyin cuta, waɗanda suka sa aka rufe nan. Ba a gaya maka ba?"

"An ce gyara."

Ta yi tsaki a cikin takunkumi. "Gyara. Su ba mutum aiki, su riƙe dalili a aljihu. Baba, in ruwa ya tsaya a bututu, yauƙin nan yakan manne a ciki, su hayayyafa. Wanda ya fara fitowa shi ya fi ɗauke da su. Shi ya sa kake zubarwa kullum, don kada ruwan ya samu wurin zama, kada su bi bututu su sauka ƙasa wurin marasa lafiya."

"Ruwan nan ya fi na ko'ina haske."

"Ido ba ya ganinsu."

"Kullum ina taɓa shi."

"Fatarka a rufe take. Lafiyayye ba su cika damunsa ba. Buɗaɗɗen ciwo suke nema, shi ya sa suka samu masu ƙuna. Wasu an yanke musu gaɓa. Wasu ba su fita da ƙafarsu ba."

Ya daɗe yana kallon tsinken. Muryarsa ba ta canja ba da ya yi magana.

"In sun shiga ciwo, yaya ake sani?"

"Bandeji yakan yi kore-kore, da wani wari mai zaƙi-zaƙi. Kuma na nan ba sa jin magungunan da muka saba. Guda ya rage da ke kashe su, shi ma a kulle yake, sai da sa hannun babban likita."

Tsumman da ake ɗaure ƙafar matarsa da shi ya kwana biyu da fara kore. Sun ɗauka launin man shafawa ne.

Ta gama ta sauka. Shi ya bi sauran famfunan kamar kullum, don aiki ba ya tsayawa saboda cikin mutum ya ɗuri ruwa. Yana kan na ƙarshe wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, 'yarsu da ta rage a gida.

"Baba, muna ƙasa. Zazzaɓi ya rufe Inna, ƙafar ba ta takuwa. Maƙwabci ne ya kawo mu."

Ya same su a ɗakin karɓar gaggawa, an ja labule tsakaninsu da gado na kusa. Auta ta riga ta miƙa katin iyalan ma'aikata, wanda da shi ake duba su ba tare da an tambaye su komai ba. Matarsa tana kwance, 'yar ƙaramar mace mai kaifin baki, leɓunanta sun bushe. Ya aiki Auta ta nemo abin fifita. Ya sunkuya.

"Ruwan da nake kawowa," ya ce. "Shi ne."

"Shi ne me?"

"Akwai cuta a ciki. Yau na ji."

Ta zuba masa ido. "Ruwan da ka ce ko likita shi yake sha?"

"Zan gaya musu."

Ta kama hannun rigarsa. Zafin jikinta ya ratsa yadin. "Ka gaya musu, su kore ka, su karɓe katin. Sai a yi min magani da me? Da taurin kanka?"

"Ƙafarki ce."

"Tawa ce, shi ya sa nake magana. Da bawan Allah mai gadi da ke kawar maka da kai, shi ma ka ja shi ƙasa? Malam, rantse min."

"Ba na rantsuwa."

"To yi abin da ka fi iyawa. Yi shiru."

Likita ya ɗaga labule ya shigo, siririn saurayi mai jajayen idanu, Auta tana biye da shi. Ya warware tsumman. Warin ya tashi, ya cika ɗan wurin. Ya dubi tsumman fiye da yadda ya dubi ciwon.

"Mama, an taɓa kwantar da ke a nan? A bene?"

"Ko sau ɗaya, ɗana."

"Da wane ruwa ake wanke shi?"

"Na rijiya."

Auta ta buɗe baki. Uwar ta harare ta, ta rufe. Tsohon yana tsaye a ƙarshen gado, hannuwa a baya, yana kallon ƙarfen da ake rataya ruwan ƙari.

Likita ya shafo ciwon da irin tsinken nan mai auduga, ya saka a kwalba. Ya ce sakamako sai bayan kwanaki, kafin nan za a fara maganin da aka saba. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi a ƙwaurinta, ɗan sama da inda jan ya tsaya.

"In jan nan ya haura layin, zan kira masu tiyata."

"Su yi me?" in ji Auta.

"Su cire abin da ya lalace kafin ya shiga jini."

Tsohon ya bi likita waje, ya tare shi a baranda.

"Akwai magani da ke kulle. A ba ta shi."

Likita ya tsaya. "Wa ya gaya maka?"

"Ina aiki a nan."

"To ka san ba a fito da shi don ɗan'uwan ma'aikaci ya nema. In muka riƙa ba kowa, gobe shi ma ya daina aiki. Sai gwaji ya nuna, ko kuwa in akwai dalili. Akwai dalili, Baba?"

Tsohon ya dubi ƙasa. Wata nas ta kira likita, ya tafi.

Ya gangara ɗakin gwaji, ya ƙwanƙwasa 'yar tagar da ake miƙa kwalabe. Matar ta leƙo, ta sauke takunkumi.

"An kawo miki gwajin ciwon matata. A yi shi yau."

"Ashe matarka ce. Allah ya ba ta lafiya. Amma ba a hannuna yake ba, Baba. Shuka ƙwayoyin nake yi, sai sun tsiro in ga ko su wane ne. Ko uwata ce sai ta jira."

"Na bene kin san su."

"Su na daɗe da saninsu. Me ya haɗa su da matarka?"

"Tambaya na yi."

Ya juya. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

An mayar da matarsa ɗakin mata. Ya zauna a benci a waje, tsakanin masu jinya da kwanukansu da tabarminsu. Wani ya matsa masa, ya yi masa sannu. Yana iya jin famfon wanke hannu na cikin ɗakin, ana buɗewa ana rufewa. Auta ta fito ta tsaya a kansa.

"Baba, me ya sa Inna ta ce na rijiya?"

"Koma wurin uwarki."

"Ni nake wanke shi da hannuna. In wani abu na yi ba daidai ba, a gaya min."

"Ba ke ba ce."

"To wa?"

Ya ɗago ya dube ta irin kallon da ke kashe magana a gidansu. Yau kallon bai yi aiki sosai ba. Ta koma ciki, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Da rana ta karkata ya shiga. Matarsa tana rawar ɗari a ƙarƙashin mayafi biyu, haƙoranta na haɗuwa. Ya ɗaga gefen mayafin. Jan ya hau. Tsakaninsa da layin biro bai kai faɗin yatsa ba, a gefe ɗaya ma ya taɓa. Nas ta zo ta duba, ta matsa fatar, ta fita da sauri fiye da yadda ta shigo.

Matarsa ta buɗe ido. "Kada ka fara," ta ce. "Na ga fuskarka."

Ya mayar da mayafin ya fita.

Ya hau bene, ya buɗe, ya shiga, ya kulle kansa. Zafi ya taru a ɗakunan, ga warin maganin goge ƙasa da ya tsufa. Ya zauna a kan ƙarfen gado. In ya yi shiru, katin yana nan, ana ta ɗura mata maganin da ba ya yi, har a zo da wuƙa. In ya yi magana, ga maganin da ke yi, amma ba aiki, ba kati, kuma a shekarunsa ba mai ɗaukarsa ko gadi. Ya juya abin ta kowane gefe. Bai ga ƙofa ba. Bai taɓa sata ba, ko a lokacin da yunwa ta fi ƙarfinsa, yanzu kuma da sunan ɓarawo za a sallame shi, a gaban yaran da ke gaishe shi da rusunawa. Wani famfo da bai ɗaure sosai ba yana ɗiga a ɗaki na can. Ya tashi ya ɗaure shi.

Sannan ya shiga banɗaki ya ɗauko jarkar.

Bai bi ta baya ba. Ya sauko ta babbar matakala, jarka a kafaɗar da ta karkace, ya ratsa barandar da kowa ke bi. Oga yana tsaye da wasu leburori biyu wajen keken ɗaukar marasa lafiya. Ya ga jarkar, ya ga inda ta fito.

"Baba Famfo, mene ne wannan?"

"Ruwa."

"Daga ina?"

"Biyo ni ka ji. Ba zan faɗa sau biyu ba."

A ɗakin gwaji bai tsaya a taga ba. Ya tura ƙofa, ya sauke jarkar a ƙasa gaban matar.

"Na famfon bene ne, na farko. Da irinsa ake wanke ƙafar matata."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Tun yaushe?"

"Tun da aka ba ni makulli."

"Ana tafasawa?"

"Ruwan asibiti ne. Na ce ba sai an tafasa ba."

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki waya ta kira likita, ta faɗi magana uku huɗu da bai gane ba, ta ce a ware matarsa daga sauran mata yanzu, a nemi babban likita ko ina yake.

Oga ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Wa ke barinka ka fita da shi?"

"Ba wanda ya gan ni."

"Jarka guda a kan keke, kullum, ba wanda ya gani."

"Na ce ba wanda ya gan ni."

Oga ya sauke numfashi, ya miƙa hannu. Tsohon ya kwance makullin daga igiyar wandonsa ya ba shi.

"Ka san ba ni da yadda zan yi, Baba. Gobe ka zo ofis."

"Ban roƙe ka ba."

"Da ka gaya masa abin da yake zubarwa," in ji matar, "da ba mu zo nan ba."

"Ni ma gyara aka ce min," in ji Oga.

"Katin jinyar iyalinsa fa?" ta tambaya.

"Sai abin da ofis ya ce."

"To a fara allurar tukuna. Ofis ya zo ya zare ta in zai iya."

Kafin faɗuwar rana an kai matarsa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, gado ɗaya, taga ɗaya, famfonsa a naɗe da leda. An rataya sabon ruwan ƙari. Likita ya ce bai yi alkawarin komai ba, amma masu tiyata za su dakata su gani. Nas ta sa Auta wanke hannu da wani magani har gwiwar hannu, ta ba ta riga da safa. Tsohon kuwa ta ce ya tsaya a bakin ƙofa, kada ya wuce, da kayan da ya yini da su a bene.

Ya tsaya inda aka ce. Matarsa ta juyo da kai a kan matashi.

"Ka faɗa."

"Na faɗa."

"Sun karɓe?"

"Makullin. Katin sai gobe."

"Mai gadi fa?"

"Ban san wani mai gadi ba."

Ta rufe ido, ya ɗauka barci ne. Sai ta ce, "Auta, kin ga ubanki. Tun ina da haƙorana duka nake fama ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Bai tashi buɗewa ba sai ranar da na ce ya rufe."

Auta ta yi dariya, hawaye na bin takunkuminta.

"Malam."

"Ina ji."

"Duron nan cike yake. In ba ka nan nakan ɗiba wa maƙwabta, sun saba, da magariba suke zuwa. Matar ɗakin ƙarshe ba ta daɗe da haihuwa ba, cibiyar ɗanta ba ta warke ba. Jeka ka riga su. Ka zubar da hannunka, kada ka bar wa yarinya."

Ya gyara hularsa. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya dawo bakin ƙofar.

"Ko na wanki a rage?"

"Duka, Malam."

Ya tsaya kaɗan. Sannan ya tafi neman kekensa.